Jagorar Eliseo

Ranar da Noemí Barragán ta fara ganinsa, yana tsaye ne a bakin ƙofar Zaure, jaka a kafaɗa, hannuwansa a haɗe a gabansa, kamar mai jiran a kira sunansa.

Zaure shi ne sunan da ɗalibai suka sa wa wani ɗaki a ƙasan ginin laburare, inda ake tarbar waɗanda suka gama shekara biyu a ƙananan kwalejojin garuruwanmu suka tsallako jami'a don ƙarasa digiri. Ba komai a ciki sai tsofaffin kujeru, da tukunyar kofi, da na'urar ɗumama abinci da kullum take ƙamshin masara da barkono. Watan Agusta ne, zafin kwarin San Joaquin ya kai inda kwalta take laushi.

Noemí ta fito ɗebo ruwa ta wuce shi. Ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

"Ba a kulle take ba fa," ta ce. "Turawa kawai ake yi."

Ya kalli ƙofar, ya kalle ta, kunya ta kama shi. "Na zata sai an ce in shiga."

"To, na ce ka shiga. Yau ka fara?"

"Yau. Daga Mendota nake. Sunana Eliseo Quiroz."

"Ashe kai ne aka ba ni," ta ce tana murmushi. "Ni ce Noemí, jagorarka. Duk abin da ya shige maka duhu a makarantar nan, ni za ka nema. Zo ka sha ruwa tukuna, ka jiƙe sharkaf da gumi."

Ya girmi sauran sababbin da shekaru. Rana ta ƙona masa fuska, ga tabon wuta a bayan hannunsa na dama, kuma da zai zauna sai ya zaɓi kujerar da ke jikin bango. Noemí ta lura da wannan duka, ba ta tambaya ba. Abin da ya tsaya mata a rai idanunsa ne, masu sanyi, irin na wanda ya daɗe bai sa ran alheri daga kowa ba.

Ita kanta ta san wannan tsayuwa ta bakin ƙofa. Bara ta tsallako daga kwalejin da ke kusa da garinsu Dinuba, ta tarar 'yan ajinsu sun san juna tun shekarar farko, kowa da abokansa, kowa ya san wane malami ne mai sauƙi, wane ne ba a yi masa latti. Ta daɗe tana cin abincin rana ita kaɗai a cikin mota, gilashi a rufe, wani lokaci da hawaye. Malama Okamoto, shugabar Zaure, ita ta ƙwanƙwasa mata gilashin wata rana ta ce, "'Yata, muna da kujeru a ciki." Shi ya sa da aka nemi masu jagorantar sababbi, Noemí ce ta fara ɗaga hannu.

A makon farko ta zagaya da shi. Ta nuna masa inda ake aron littattafan da suka fi ƙarfin aljihu, da ɗakin da ake ba ɗalibai shinkafa da wake ba tare da an tambaye su komai ba, da bas ɗin da ke kaiwa Mendota kafin rana ta faɗi, don ya ce mata ba ya tuƙi.

"A kwarin nan ba ka tuƙi? To da me kake zuwa zance?"

"Ba ni da inda zan je."

"Tsoho da kai?"

Ya yi ɗan murmushi, na farko da ta gani. Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ba ya kiran ta da komai sai Jagora.

Ilimin ruwa da ƙasar noma yake karantawa, domin ya tashi yana ganin rijiyoyin garinsu suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Yana da himma, amma jarrabawar farko ta kayar da shi. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Jagora, sakamako ya fito. Ina ganin kuskure aka yi da aka ɗauke ni. A kwaleji malamarmu ta san sunana, in ban zo ba sai ta yi cigiya. A nan aji ɗaya ya fi unguwarmu mutane, kuma yaran nan kafin in gama fahimtar tambaya sun ba da amsa."

Ta mayar masa: "Tsoho, ni ma na faɗi ta farko, ko rabin abin da ka samu ban samu ba. Ba kuskure aka yi ba. Gobe ka zo Zaure da takardar. Kuma ka ci abinci, na san ba ka ci ba."

Washegari ta kai shi har ƙofar ofishin farfesan.

"Kowane mako yana da lokacin da yake zama don ɗalibai kawai," ta ce. "'Yan gata ne kaɗai ke zuwa, don su kaɗai aka gaya wa tun a gida."

"Me zan ce masa?"

"Ka ce ba ka gane ba. Shi ke nan. Ba a kama mutum a kan haka."

Ya kau da kai da jin wannan magana, sannan ya ƙwanƙwasa. Ta jira shi a baranda. Da ya fito fuskarsa ta sake, ya ce mutumin har kujera ya ja masa, suka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma haɗa shi da wasu 'yan Zaure masu bita tare, ciki har da wata uwa mai 'ya'ya biyu da wani tsohon soja, ya ga ashe ba shi kaɗai ne ya shigo da shekaru a kai ba.

Sannu a hankali abincin rana ya zama nasu su biyu. In ta makara, sai ta tarar ya ajiye mata kujera. In bai zo ba, sai ta rasa abin da ke mata daɗi. Ba wanda ya ce wa wani komai, amma duk Zaure an sani.

Wata yamma a watan Oktoba suna zaune a gonar jami'a, gefen kuringar inabi da aka gama tsinka, ya buɗe tamale, wani abincin ƙullun masara da Tía Remedios, ƙanwar mahaifiyarsa da ta rene shi, ta naɗo masa a ganyen masara. Ya miƙa mata, shi bai ci ba.

"Noemí," ya ce. Bai taɓa kiran ta da sunanta ba sai ranar. "Akwai abin da ya kamata ki sani kafin zuciyata ta ƙara nisa."

Ta ajiye abincin a cinyarta.

"Ina ɗan shekara goma sha tara muka je biki da Ismael, ɗan Tía Remedios. Tare muka tashi, ɗaki ɗaya. Na sha giya. Ya ce in ba shi makullin mota, na yi masa dariya. A wata kwana kusa da magudanar ruwa motar ta ƙwace min. Ni na fito da ƙafafuna. Shi bai fito ba. Shekara shida na yi a gidan yari. A can na fara karatun kwaleji. A can kuma ake tura mu kashe gobarar daji, tabon nan daga nan ne. Ba don ki tausaya min na gaya miki ba. Son ki nake yi, kuma ba na so ki so wani mutum da ba ni ba."

Noemí ta miƙe, tamalen ya faɗi a ƙasa.

"Ina da aji," ta ce.

Ya san ba ta da aji a ranar. Bai tsayar da ita ba.

Abin da Eliseo bai sani ba shi ne, Noemí tana da yaya, sunansa Abel. Tana 'yar shekara goma sha huɗu wani mashayi ya bi ta kansa da mota, yana dawowa daga gona a kan keke. Har yau gicciyen katakon da aka kafa don tunawa da shi yana nan a bakin hanyar, mahaifiyarta tana sauya masa furanni. Ba ta taɓa faɗa wa kowa a jami'a ba.

Da safe ta shiga ofishin Malama Okamoto ta ce a ba Eliseo wani jagoran.

"Ya yi miki wani abu ne?"

"A'a, Malama. Son sa nake yi, kuma kin san an hana jagora soyayya da ɗalibin da ke hannunsa. Kuma..." Sai kuka ya ƙwace mata. Ta ba ta labarin duka. "Yanzu ko kallonsa ba zan iya ba, kuma ba zan iya daina tunaninsa ba."

Malama Okamoto ta riƙe hannunta ta ce, "Zan sauya. Amma ki gaya masa dalili da bakinki, kafin saƙon ofis ya riga ki."

Ba ta iya ba. Saƙon ofis ya riga ta, nasa kuma ya biyo baya:

"Na ga an ba ni sabon jagora. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Na gode da duk abin da kika yi min. Allah ya saka miki. Ba zan dame ki ba."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Kwanaki suka wuce. Kujerar jikin bango ta zauna babu kowa.

"Sabon jagoransa bai taɓa sa shi a ido ba," Malama Okamoto ta ce mata wata rana. "Farfesansa ma yana cigiya. A irin wannan lokacin ne muke rasa su, Noemí. Ba sa sallama, daina zuwa kawai suke yi."

A ranar ta kama hanyar Mendota. Ta same shi a shagon gyaran taya inda yake aiki tun fitowarsa, yana durƙushe gefen wata babbar mota, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Tsoho, wa ya ba ka hutu?"

Bai ɗago ba. "Kin yi nisa da hanya, Noemí. Tayarki ce ta samu matsala?"

"Ajiye ƙarfen nan ka kalle ni."

Ya ajiye. A tsaye a nan, cikin warin roba da ƙarar injin iska, ta ba shi labarin Abel. Kafin ta kai ƙarshe ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya rufe fuska da hannuwansa.

"Wayyo Allah," ya ce. "Da na sani, da ko kusa da ke ban zauna ba."

"Na yi kwanaki ina neman in tsane ka," ta ce. "Na yi ta haɗa fuskarka da ta mutumin can, ta ƙi haɗuwa. Shi ko sau ɗaya bai ɗago ya kalle mu a kotu ba. Kai kuwa ba wanda ya tilasta maka, ka buɗe baki ka faɗa, ka san za ka iya rasa ni."

"Ai na rasa ki. Kin sa an sauya ni."

"Don an hana jagora son ɗalibinta ne. Kai da kake karanta abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wannan ɗan abu na sarari ba ka gano ba?"

Ya sauke hannuwansa a hankali. Baƙin taya ya ɓata masa kumatu, hawaye ya yi hanya a ciki.

"Ban cancance ki ba."

"Ba kai za ka yanke wannan ba. Tashi ka wanke hannu. Kana da jarrabawa ranar Litinin, kuma ni ba zan auri wanda ya gudu daga aji ba."

"Aure kika ce?"

"Ban ce komai ba. Wanke hannu."

Ya koma makaranta. 'Yan bitarsu suka tara masa duk abin da ya wuce shi, uwar nan mai 'ya'ya biyu har faɗa ta yi masa kamar ƙaninta. Da sakamakon ƙarshen zango ya fito, ya rubuta wa Noemí:

"Hasken raina, na ci duka. Farfesa ya ce in taya shi auna rijiyoyi in an yi hutu. Ke kika fara sani, Tía ce ta biyu, kada ki gaya mata."

Ta amsa: "Tsohona, ina alfahari da kai har ban san inda zan sa kaina ba. Allah ya ƙara maka. Saura in gaya wa iyayena, su Apá. Ka taya ni addu'a, don ina jin tsoro."

Amma wani ya riga ta. Gilberto Arreola, abokin Abel ne tun suna yara, yanzu yana da motocin ɗaukar kayan gona. Tun rasuwar Abel shi ke yi wa gidan abin da ɗa ke yi, shi ke gyara rufi, shi ke kai mahaifiyar Noemí, Doña Amparo, asibiti. Kowa a Dinuba ya ɗauka shi zai auri Noemí, shi ma haka ya ɗauka. Ya gan su tare a tashar bas, ya bincika sunan, tsohon labarin ya fito masa a waya. Bai tsaya ko'ina ba sai wurin mahaifinta, Don Fermín.

Ranar Lahadi bayan coci, an zuba pozole, farfesun masara da nama, kowa ya ɗauki cokali, Don Fermín ya ajiye nasa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana datse kuringar inabi, ba ya ɗaga murya.

"'Yata, wane ne Eliseo Quiroz?"

Noemí ta kalli Gilberto da ke cin abinci tare da su, ya sunkuyar da kai.

"Ɗalibi ne, Apá. Shi nake so. Da yau na yi niyyar gaya muku."

"Kin san abin da ya yi?"

"Shi da kansa ya gaya min."

"Kin manta wanda muka binne ke nan."

"Ban manta ba, Apá. Ko rana ɗaya."

"To ki ji. Muddin ina numfashi, mai irin wannan hannu ba zai shiga gidan nan ba."

Doña Amparo ta tashi ta shige kicin, aka ji ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

A waje Gilberto ya tare ta wurin motarsa. "Don ke na yi, Mimi."

"Na sani, Beto. Tun da na rasa yayana kai ne yayana. Ba zan iya mai da kai wani abu daban ba, ko da Eliseo ko babu shi."

Ya shiga mota ya tafi.

Watanni suka shuɗe Don Fermín ba ya ce mata komai sai abin da ya zama dole. Ta rame. Wata rana cikin ɓacin rai ta ce wa Eliseo su je ofishin gwamnati kawai a ɗaura musu aure, in ya so kowa ya yi fushinsa ya huce.

"A'a, rabin raina," ya ce. "An riga an raba mutumin nan da ɗa ɗaya. Ba ni zan raba shi da ta biyu ba. Za mu jira."

"In bai taɓa yarda ba fa?"

"Sai in zama tsoho na gaske ina jiran ki."

A watan Mayu Noemí ta gama digirinta. Ita ce ta farko a danginsu, don haka gidan kaf suka zo, har da masu ɗauke da balan-balan. Eliseo bai matso ba. Tana cikin 'yan'uwa ana ɗaukar hoto saƙonsa ya shigo:

"Na gan ki daga can bayan fili. Hular ta karkace, amma kin fi kowa kyau. Kada ki neme ni. Ki rungumi Don Fermín da kyau, yau ranarsa ce, da hannunsa ya kawo ki nan."

Doña Amparo ta ga fuskar 'yarta ta canza. Ta karɓi wayar ta karanta a hankali, tana motsa leɓe. Ta mayar mata, ta gyara mata hular, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki ce wa matar da ta rene shi ta zo. Babanki ki bar min shi."

Suka zo wata Lahadi da rana, Eliseo da farar riga, Tía Remedios da baƙin mayafi da kwandon burodi da 'ya'yan itace. 'Yar ƙaramar mace ce, aikin shirya kankana a kwali ya lanƙwasa mata yatsu. Don Fermín bai ce su shiga ba. A tsakar gida ya tarbe su, ƙarƙashin ɓaure. Noemí da mahaifiyarta suna tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Don Fermín," tsohuwar ta ce bayan gaisuwa, "na zo nema wa ɗana auren 'yarku."

"Na ji ba ke kika haife shi ba."

"Haka ne. Wanda na haifa shi ne ya mutu a motar."



"Na daɗe ban je na ga Eliseo a gidan yari ba," ta ci gaba. "Na roƙi Allah ya hana shi barci yadda ya hana ni. Wata rana na manta na zuba abincin yara biyu kamar yadda na saba, na zauna ina kallon kwanonin. Sai na ga ɗaya ƙasa ce ta ɗauke min, ɗayan kuma ni da kaina nake binne shi. Na hau bas na tafi. Ban zo in ce ku yafe wa wancan mutumin da ya kashe ɗanku ba, wannan tsakaninku da Allah ne. Ban kuma ce yaron nan bai yi laifi ba. Ya yi, ni ce babbar shaida. Amma gida ɗaya muke tun fitowarsa. Ban ga ya kai kwalba baki ba, ban ga ya taɓa sitiyari ba. Da mugu ne, ni ce ta farko da zan ce ku ɓoye 'yarku."

Don Fermín ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya kalli Eliseo, karo na farko.

"Kai, matso."

Ya matso ya tsaya.

"Akwai abin da na so in tambayi wancan, lauyansa ya hana shi magana. Kai zan tambaya, kuma kada ka yi min ƙarya don kana son 'yata. Kuna tunawa da su? Ko in an gama shari'a shi ke nan?"

"Kullum, Don Fermín," Eliseo ya ce. "In na ci abu mai daɗi, sai in ce Ismael bai ci ba. Ranar da aka ɗauke ni jami'a, bayan shago na zagaya na yi kuka, don shi ne mai ƙwaƙwalwar, ni rakiya nake yi. Ban san zuciyar wancan mutumin ba, ba zan yi magana da bakinsa ba. Amma in dai mutum ne, babu ranar da ta fito ta faɗi bai tuna da ɗanku ba."

Dattijon ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Daga baya Doña Amparo ta ce tun ranar jana'izar Abel ba ta ga hawayensa ba sai ranar.

"Abel ma ya so ya shiga kwalejin da Noemí ta yi," ya ce da ƙyar. "Har ya karɓo takardu. Ni na ce ya bari a gama tsinkar inabi tukuna."

Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinsa, har matarsa. Tía Remedios ta miƙa lanƙwasasshen hannunta ta ɗora a kan nasa. Suka zauna haka, iyaye biyu, har inuwar ɓauren ta gusa.

"Ku shigo ciki," Doña Amparo ta ce tana share ido da gefen zani. "Abinci zai huce."

Don Fermín bai hana ba. Da za su tafi ya raka su bakin titi, ya ce wa Eliseo, "Ba yau zan ba da amsa ba. Ka gama karatunka. Kada ka bari wani abu ya sa ka ce sai an gama kaza tukuna. Ranar da ka gama, ka sake tambaya ta."

A shekararsa ta ƙarshe Malama Okamoto ta sa Eliseo cikin jagorori. Shi aka riƙa ba manya, da waɗanda suka fito daga inda ya fito, waɗanda ke tsoron ko sunansu a kira a aji. Noemí ta samu aikin ba da shawara a kwalejin da ta baro, tana turo masa su da saƙo: "Tsohona, akwai wata yarinya mai zuwa daga wurinmu, ba ta magana sosai. Ka riƙe min ita." Ranar Asabar kuwa bas yake hawa zuwa Dinuba, ya ɗauki almakashi ya bi bayan Don Fermín cikin kuringa. Sukan yini ba su yi magana mai tsawo ba, amma gora ɗaya suke shan ruwa.

Da ya gama ya sake tambaya. Don Fermín ya ce, "Ka je ka tambayi uwarta wace rana ta sa, ni an daɗe da cire ni a shawarar."

An yi bikin a watan Yuni. Gilberto ne ya kawo kujeru da tebura a motarsa, ya ƙi karɓar ko godiya. 'Yan Zaure suka cika layuka uku a coci, da 'ya'yansu da mazajensu, Malama Okamoto a gaba. Mu da muka je mun ci mun yi rawa, amma abin da aka fi ba da labari ya faru ne tun da safe, a falon gidan, kafin a tafi coci.

Ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye don karɓar albarka. Doña Amparo ta yi musu alamar gicciye, Tía Remedios ta yi, dukansu suna kuka. Sai Don Fermín ya matso cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa. Ɗaya hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka a kan Eliseo, ya zauna daram.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ya ba ku 'ya'ya masu tausayi. Ya sa ku ga tsufan juna, ya sa 'ya'yanku ne za su binne ku, ba ku za ku binne su ba."

Falon ya amsa da amin.

Noemí ta miƙe. Eliseo ya kasa, kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Dattijon ya sunkuya ya kama shi a kafaɗu biyu ya ɗaga shi.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Fada yana jiran mu a coci."